Masu yi wa mutum cefane ta WhatsApp: gwajin da na yi don rage ƙiba da ɗan kuɗina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau dai nace bari in zauna in rubuta abin da na gani game da sana'ar nan da ta fara yawa a Kano, ta masu yi wa mutum cefane ta WhatsApp, ki tura kuɗi su shiga kasuwa su haɗo miki kaya a kawo miki har ƙofar gida. Wadda nake hulɗa da ita wata baiwar Allah ce ita da ƙannenta maza, kuma abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ba sayayya kawai take yi ba, ita ce take zama ta tsara miki lis ɗin abin da za a sayo daidai ƙarfin aljihunki, musamman in kin ce mata ƙiba kike son ragewa ko likita ya hana ki wasu abubuwa. Ba zan faɗi sunanta ba saboda zan faɗi inda ta burge ni kuma zan faɗi inda ta ɓata min rai, ba na so in taɓa wa mutum hanyar cin abincinsa. Irinta suna da yawa yanzu, abin da zan faɗa zai yi miki amfani ko da wacce kika haɗu.

Ni abin da ya kai ni hawan jini ne da ciwon gwiwa, likita yace sai na rage nauyi kuma na rage gishiri. To kinsan dai yadda abin yake, da kin fara neman bayani a waya sai a jero miki ots da tuffa da inibi da man zaitun da yogot na kanti da tsokar ƙirjin kaza, kayan da in kika shiga sufamaket kika ɗauki leda ɗaya kuɗin cefanen sati ya tafi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi, mafi ƙarancin albashin ma da aka mayar naira 70,000 a 2024 ba ya kai mai iyali ko'ina, ta yaya za a ce macen da take da yara tana lissafin kuɗin makaranta da na gas ta ware wa kanta abinci na daban mai tsada? Shi ya sa mata da yawa suka haƙura, suka ɗauka gyaran jiki na masu kuɗi ne. Wallahi abin yana damuna, don mu ne muke zaune a kan gero da wake da zogale amma an sa mun raina su.

Abin da ya fara burge ni da matar nan tambayoyinta ne. Kafin ta karɓi ko sisi sai da ta tambaye ni mu nawa ne a gidan, nawa nake kashewa a cefane a wata, akwai firji ko babu, in akwai muna samun wuta ko ba ma samu, da gas nake girki ko gawayi, me maigida ba ya ci, yara suna tafiya makaranta da abinci ko kuɗi ake ba su. Sannan tace in rubuta mata duk abin da ya shiga bakina na 'yan kwanaki, har da abin da ake ci a tsaye, ƙosan safe da lemon da ake sha in an yi baƙi da cincin ɗin gidan biki da ragowar abincin yara da uwa take ƙarasawa don kar a zubar. Da ta duba sai tace min Anti ai kuɗinki ba a tukunya yake tafiya ba, a shago yake tafiya. Kuma gaskiya ta faɗa, biredi da taliyar yara da lemon kwalba da sukari da madarar gari da ake saya a shagon layi kaɗan kaɗan kullum, in aka tara su sun kusa kamo kuɗin hatsin wata, kuma su ne dai masu ƙara ƙibar.

Tsarinta shi ne ta raba kuɗin gida uku amma ba daidai ba. Wajen rabi yana tafiya a busassun kaya da ake saya sau ɗaya a wata, wato gero da dawa da wake da waken suya da ɗan masara da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da barkono, waɗannan daga Dawanau ake kawo su. Kaso na biyu na ɗanyen kaya ne duk sati daga Yankaba, wani lokacin a biya 'Yan Lemo ta Na'ibawa in akwai abin da yake araha. Ragowar ƙwai da kifi banda da mai da ɗan nama. Kuma kuɗin sati sati ɗin ba ta yarda ki tura mata shi gaba ɗaya, tace ki ajiye abinki ki dinga turowa duk sati, don farashin kayan gwari ba ya zama wuri ɗaya.

Ɓangaren Dawanau shi ne inda na fi cin riba kuma shi ne dalilin da ya sa har yanzu ban rabu da ita ba. Duk wanda ya san Kano ya san kasuwar nan ta hanyar Katsina, ita ce babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma, amma mace ita kaɗai ta tashi daga can cikin gari ta je don kwano biyar na gero kuɗin ɗan sahu zai cinye rangwamen. Ita kuwa tana haɗa odar gidaje da yawa ta sayi buhu a raba, kinga farashin buhu kike samu alhali kwano kaɗan kika ɗauka. Na auna da kwanona da aka kawo, awon ya cika har da ɗan tozo, ba irin awon shagon unguwa da ake shafe baki ba. Geron tsaf, ba ƙasa da yawa, dawar kuma kaura ce mai kyau. Shawarar da ta ba ni wadda ta fi komai amfani ita ce kar in bari a surfe hatsin tas, a wanke a shanya a niƙa da dusarsa ko a ɗan surfa sama sama kawai, saboda dusar nan da muke bai wa awaki ita ce take riƙe ciki ta hana yunwa dawowa da wuri kuma tana gyara bayan gida. Tuwon ba ya yin fari ƙal ɗin da aka saba, da farko yara sun yi ƙorafi, amma malmala ɗaya 'yar daidai da miya mai yawa tana kai ni har dare ban nemi komai ba, abin da farar shinkafa ba ta taɓa yi min ba.

Maganar wake kuma sai na ɗan tsaya a kai don ta shafi lafiya kai tsaye. Wake shi ne naman talaka, wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa furotin ne, wato sinadarin gina jiki, waken suya ma ya haura kashi ɗaya cikin uku, don haka duk mai son rage ƙiba da ƙaramin kuɗi a kansu zai dogara. Amma an san matsalar da take tattare da shi, wasu masu ajiya suna zuba masa maganin ƙwari don kar ya huje, har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka samu a ciki, wato sinadarin da yake cikin fiya-fiya. Da na yi mata wannan maganar ba ta yi min musu ba, tace ita tana shinshinawa kafin ta saya kuma ta fi son sabon wake lokacin kaka, kuma in ta ga tsohon wake ya kai watanni amma ko huji ɗaya babu kuma yana wani wari sai ta wuce. Ta koya min in zuba a jarka mai murfi in cika ta taf in toshe sosai, ƙwarin suna mutuwa da kansu in babu iska, ba sai an sa magani ba, dabarar buhun ajiyar hatsin nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS ke nan. Duk da haka ni ina jiƙawa in wanke sosai in zubar da ruwan tafasar farko. Gyaɗa ma haka, tana tsince wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane, kuma daidai ne don irin wannan gyaɗar ce take ɗauke da gubar da take lalata hanta.

Da waken nan ake fate da alayyahu, ake alale na gwangwani ba mai da yawa, ake ɗan wake, sai dai shi ɗan wake ta gargaɗe ni a kan man da ake malala masa. Waken suya kuma kwano ɗaya yana ba ni awarar da za ta kai mu kwanaki, amma maimakon a soya ta cikin mai sai in saka ta cikin miya ko in gasa a kasko da ɗan shafin mai. A nan ne na gane lissafin mai sosai. Babban cokali ɗaya na mai yana da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, wajen 120, kuma manja da man gyaɗa da man zaitun ɗin da ake ta yabo duk kusan ɗaya suke a wannan lissafin, giram ɗaya na mai kalori 9 ne alhali na sitacin hatsi ko furotin 4 ne. Wato ko kin sayi man zaitun da tsadarsa in kika kwarara shi da ludayi ba abin da zai ragu a jikinki sai aljihu. Abin da ta yi shi ne ta rage min yawan man da ake saya a wata tace in dinga aunawa da cokali, kuma ta ƙi ƙara min ko da nace kamar ba zai isa ba. Ya isa.

Haka ta yi da dunƙulen magi da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya tace gishirin da babba zai ci a yini kar ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma shi dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne, mu kuwa sai mu jefa huɗu biyar a tukunya sannan mu ƙara gishiri. Sai ta ƙara min daddawa da citta da tafarnuwa da garin busasshen kifi ta rage dunƙulen, miyar kuka da daddawa mai kyau wallahi ba ta buƙatar wani abu da yawa. Sukari kuma hukumar tace kar ya wuce wajen giram 50 a yini ga babba, in an rage ƙasa da haka ma ya fi, alhali robar lemo ɗaya ta rabin lita tana iya cinye wannan adadin gaba ɗaya. Maimakonsa ta saka zoɓo da tsamiya da citta da kanumfari a lis, in jiƙa in sha ba sukari ko in ɗan matsa lemon zaƙi. Mai shan maganin hawan jini dai ta gaya wa likitanta tana shan zoɓo kullum, don shi ma yana ɗan saukar da jini.

Ɗanyen kaya kuwa ƙa'idarta ɗaya ce, abin da yake yayi shi za a saya. Da sanyi lokacin da noman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam ya fara shigowa, inda ruwan madatsar Tiga yake ba su, tumatir da kabeji da karas da latas da albasa suna zubewa, a lokacin take cika lis da su har tace in ƙara kuɗi kaɗan a sayi tumatir da yawa a yanka a shanya a yi kauɗa. Da damina ta faɗi tumatir ya yi tsada sai ta juya gaba ɗaya zuwa ganye, rama da zogale da tafasa da yakuwa da lalo da alayyahu da ɗanyar kuɓewa, miyar da ba ta neman tumatir da yawa. Mangwaro da zafi, kankana da gurji in sun yi yawa, goba da gwanda in sun shigo, lemon Binuwai lokacinsa. Ko sau ɗaya ba ta saka min tuffa ko inibi ba. Ita hukumar lafiyar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace take so mutum ya ci a yini, ba ta ce sai na ƙasar waje ba, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli kaɗan da gurji ɗaya da yankan kankana sun kusa kai ki. Yalo da gauta ma na koma cinsu in bakina yana son abin taunawa da yamma, sun maye gurbin biskit. Ayaba da mangwaro kuma tana kauce wa waɗanda suka yi rawaya ɗau a waje amma ciki da tauri ba ƙamshi, saboda NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta sha gargaɗi a kan masu nunar da su da kabayid.

To yanzu in zo inda ba ta kyauta ba, kuma mafi yawansa a wannan ɓangaren ɗanyen kayan ne.

Na farko lokaci. Ana ce miki kaya za su iso kafin azahar sai la'asar ta wuce, saboda yaro ɗaya ne yake zagaye gidaje da yawa a ɗan sahu ɗaya, in gidanki ne ƙarshen layi kin shiga uku. Hatsi ba ruwansa da wannan, amma alayyahu da latas da aka yanko da asuba aka cusa a leda suka yini cikin zafin Kano ai sun gama yaushi kafin su zo, wani har ya fara ruwa a ƙasa. Akwai satin da kusan rabin ganyen sai zubarwa na yi, kuma in kin zubar da rabi to arahar ta tashi a banza, kin saya ninki biyu ke nan. Na yi magana ta ba da haƙuri ta ƙara min gyara a sati na gaba, na yaba da hakan, amma matsalar ba ta gyaru gaba ɗaya ba don tsarin rabon ne bai dace da ganye ba. Ga wadda ba ta da firji ko wutarsu ba ta zama, ganyen sati guda a lokaci ɗaya ma bai dace ba tun farko, kabeji da karas da kabewa da yalo su ne masu jure kwanaki, zogale da rama kuma sai dai ki shanya a inuwa.

Na biyu canza kaya ba tare da tambaya ba. In sun je ba su samu abin da yake lis ba ko ya yi tsada sai kawai su ɗauko wani abu a madadinsa. Wani lokacin canjin yana da ma'ana, amma an taɓa kawo min dankalin turawa a madadin kabewa, a ganin yaron duk kayan fate ne, alhali ni dalilin saka kabewar shi ne ta cika min ciki ba tare da nauyi ba. Kiran waya na minti ɗaya zai raba wannan gardamar. Sannan ba a ba da lissafi dalla-dalla sai kin nema, a turo miki jimla kawai da la'adarta da kuɗin kawowa. Ban kama ta da ha'inci ba, in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, don na kwatanta da farashin da maƙwabciyata ta sayo da kanta ya zo kusan ɗaya, amma mai son ta koyi tsara kuɗinta tana buƙatar ta ga nawa aka sayi kowane abu, in ba haka ba kullum a hannun wani za ta zauna. Yanzu na sa sharaɗi, kowane kaya da kuɗinsa a rubuce, kuma tana yi.

Na uku shi ne wanda ya fi ɓata min rai. Bayan mun saba sai ta fara turo min tallan wani shayin rage tumbi da wata ƙawarta take haɗawa, wai a haɗa min da cefane. Na tambayi me ke ciki ba gamsasshiyar amsa, ba lambar NAFDAC a jiki, ba komai. Irin waɗannan shayin da yawansu filasko ne a ciki, zawo yake sa mutum, ki hau sikeli ki ga kin ragu ki yi murna alhali ruwan jikinki ne ya zube ba kitse ba, kwana biyu ya dawo, kuma ga mai shan maganin hawan jini irina rashin ruwa da gishirin jiki ba abin wasa ba ne. Abin ya ba ni haushi saboda duk aikin kirkin da ta yi na nuna min abincinmu ya isa, sai ga shi tana rusa shi da hannunta saboda ɗan kamasho. Nace mata ba na so kuma kar a sake turo min, ba ta sake ba, amma na san akwai matan da za su karɓa saboda sun yarda da ita.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya kamata kowa ta sani, matar nan ƙwararriyar 'yar kasuwa ce mai basira amma ba ma'aikaciyar lafiya ba ce. Ta san farashi, ta san yayi, ta san awo, ta san girki, amma lis ɗin da ta ba ni kusan shi ta bai wa wata 'yar uwata mai ciwon suga, har da kankana da yawa da kunun gero kullum da safe ba maganar adadi. Sannan tana da wannan imanin da mutane da yawa suke da shi cewa acha ba ta sa ƙiba ko nawa kika ci. Acha abinci ce mai kyau ba musu, amma hatsi ce kamar sauran, in kika cika faranti kin ci kalorin da ya yi kusa da na shinkafa, ga ta da tsada tunda daga Filato da kudancin Kaduna da Bauchi ake kawo ta kuma gyaranta akwai wahala. Ni na cire ta daga lis na mayar da kuɗin kan ƙwai, ƙwai ɗaya dafaffe yana da furotin wajen giram 6 kuma kalorinsa bai wuce 80 ba, biyu da safe da kunun da ba sukari sun fi min faten acha riƙe ciki. Mai ciwon suga ko ƙoda, mai ciki da mai shayarwa, don Allah ku fara zuwa asibiti, akwai sashen masana abinci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da sauran manyan asibitoci, su rubuta miki abin da ya dace sannan ki miƙa wa mai cefane ta sayo.

Za a tambaye ni to kin rame? Na ragu alhamdulillah, a hankali, irin raguwar da likitoci suke cewa ita ce mai ɗorewa wato rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati, ni nawa ma bai kai haka ba wasu satuttukan, akwai lokacin da sikelin ya tsaya cak musamman lokacin bukukuwa. Amma gwiwata ta yi sauƙi, awon jinina ya fi da kyau, likita bai cire min magani ba kuma ban daina sha ba. Ina haɗawa da tafiya da sassafe bayan asuba, ana so babba ya samu aƙalla minti 150 a sati, rabin awa sau biyar ke nan, ba kuɗin gidan motsa jiki ba komai. Abin da lis ɗin ya yi min shi ne ya cire abin da yake jarabtata daga cikin gidan, in babu lemo a firji ba za ki sha ba, in abin da yake kusa da hannunki yalo ne da gyaɗa kaɗan shi za ki ci. Kuma tukunya ɗaya muke ci da maigida da yara, ba a yi min girki daban, bambancin a faranti ne, nawa rabinsa ganye ko miya, kwata tuwo ko dambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai, su kuma yara ana ƙara musu tuwo da mai don suna girma suna buƙata. Maigida da farko yace an mayar da shi akuya saboda yawan ganye, yanzu shi yake tambayar dambun zogale.

Ta fuskar kuɗi, in aka haɗa la'adarta da kuɗin kawowa abin da nake kashewa a wata bai ragu sosai ba, ya ɗan yi ƙasa kaɗan ne, amma abin da kuɗin yake sayowa ya canza gaba ɗaya kuma ƙarshen wata ba ya zuwa mu koma cin bashi a shago. Wadda take zaune kusa da Yankaba a hanyar Haɗeja ko tana da mai zuwar mata kasuwa a gida, ba ta buƙatar wannan hidimar don ɗanyen kaya, ta je da kanta da sassafe ta zaɓa da idonta ya fi. Wadda take aiki daga safe zuwa yamma, ko ba ta fita, ko gidansu ya yi nisa, ita za ta fi morewa. Wadda kuɗin cefanenta kullum kullum ake ba ta ba na wata ba, zai yi mata wuya ita kaɗai, sai dai su haɗu su uku huɗu a layi su yi oda ɗaya su raba kuɗin kawowa, ko a yi ɗan adashi na hatsi lokacin kaka da farashi yake ƙasa.

Ni yanzu yadda na tsayar shi ne busassun kaya na wata duk ita take kawo min, hatsi da wake da waken suya da kuka da daddawa da kifi banda, sai kabeji da karas da kabewa da albasa da suke jure hanya. Ganye mai laushi kuwa a wajen mai kayan miya na bakin layinmu nake saya kullum daidai na tukunya, ko da ya ɗan fi tsada ba na zubar da komai. In za ki fara da ita ko wata irinta, ki faɗa tun ranar farko cewa kina son kuɗin kowane kaya a rubuce, a kira ki kafin a canza wani abu, a gaya miki lokacin kawowa na gaskiya, kuma ba kya son tallan shayi ko wani haɗi. Ki fara da odar sati ɗaya ƙarama ki auna kayan da kwanonki kafin ki tura kuɗin wata.